Yadda Ake Kafa Coci Domin Iyalan Indiyawa a Sababbin Unguwannin Arewacin Dalas

A shekarar 2000 mutanen garin Frisco, da ke arewa da birnin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, ba su kai 34,000 ba. Ƙidayar 2010 ta same su sun haura 116,000, ta 2020 kuma ta ce sun wuce 200,000. Filayen da ake noma da kiwo a cikinsu sun koma rukunin gidaje, kuma kaso mai tsoka na masu tarewa a gidajen nan Indiyawa ne: injiniyoyin kwamfuta, likitoci, ma'aikatan jinya, da ma'aikatan manyan kamfanonin da suka kafa ofisoshi a garin Plano da ke maƙwabtaka da Frisco. Yanzu gine-ginen sun wuce Frisco sun nufi garuruwan Prosper da Celina. Duk faston da ya ga wannan sai zuciyarsa ta motsa, ya ce lallai a buɗe wa mutanen nan coci. Niyyar mai kyau ce. Sai dai aikin yakan lalace tun kafin a fara shi, kuma a kan kalma ɗaya yake lalacewa, kalmar "Indiyawa".

Ku fara da sanin wane gida kuke nufi

A ce wani ya je Landan ya rubuta allo cewa ya buɗe "cocin 'yan Najeriya", yana sa ran ɗan Aladura daga Ibadan, ɗan Katolika daga Onitsha da ɗan ECWA daga Jos za su zauna a benci ɗaya su gamsu da sujada iri ɗaya. Bambancin da ke tsakanin Kiristocin Indiya ya fi wannan faɗi. Ƙidayar ƙasar ta 2011 ta nuna Kiristoci kashi 2.3 ne cikin ɗari, mutum kusan miliyan 28, amma ba jama'a ɗaya ba ce. Kiristocin Kerala masu jin Malayalam suna riƙe da cewa Manzo Toma ne ya kawo musu bishara a shekara ta 52, kuma suna da tsofaffin ikkilisiyoyinsu: Mar Thoma, Malankara Orthodox, Jacobite, da Katolikan Syro-Malabar, waɗanda suka sami dayosis ɗinsu a Chikago tun 2001. Limaminsu "Achen" suke ce masa, jibin Ubangiji kuma "Qurbana". Daga Kerala ɗin ne kuma 'yan Fentikos na IPC, wato Indian Pentecostal Church, suka fito, waɗanda da yawa daga cikin tsofaffinsu ba sa sa zobe ko sarƙa. Masu jin Tamil suna da tarihin da ya koma ga Ziegenbalg, ɗan mishan Bajamushe wanda ya sauka a garin Tranquebar a 1706, da yawansu kuma 'yan Cocin Kudancin Indiya ne da aka haɗa a 1947. Masu jin Telugu, daga Andhra Pradesh da Telangana, sun taso a hannun Baftis da Lutheran da sababbin cocin Fentikos. Ga masu jin Hindi, Punjabi da Gujarati, ga 'yan Nagaland da Mizoram waɗanda jihohinsu kusan duka Kirista ne.

Mutanen Kerala suna cikin waɗanda suka fara zuwa. Bayan dokar shige da fice ta 1965, ma'aikatan jinyarsu suka shigo Amurka da yawa, suka kawo iyalansu, kuma tuni suka gina cocinsu a yankin Dalas. Wanda ya zo yau da nufin kafa musu sabon coci, galibi ba kafawa zai yi ba, ɗibar membobin wasu zai yi, kuma za a san shi da hakan. Sababbin masu tarewa a Frisco da kewaye sun fi karkata ga masu jin Telugu da Tamil, matasan ma'aurata masu ƙananan yara.

Akwai kuma tambaya ta biyu wadda dole a amsa ta a rubuce: Kiristocin da suka zo da bangaskiyarsu kuke son tarawa, ko maƙwabtansu mabiya Hindu kuke son kaiwa ga bishara? Binciken cibiyar Pew ya sa Kiristoci tsakanin kashi 15 da 18 na Indiyawan Amurka, mabiya Hindu kuma kusan rabi. Ana iya yin ayyukan biyu, amma ba da tsari ɗaya ba. Kiristan da ya taso a coci yana neman waƙoƙin da kakarsa take rerawa. Mai bin Hindu da ya shigo karo na farko bai san ma'anar rabin kalmomin da ake furtawa ba. Kwamitin da bai zaɓi wanda zai fara da shi ba, zai wayi gari bai gamsar da kowa ba.

Wata uku na tambaya kafin a yi komai

Gani ya kori ji. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka suna nuna harsunan da ake yi a gida, hukumomin makarantun gwamnati a Teksas ma suna tambayar iyaye harshen gida lokacin rajistar yaro, don haka akwai inda za a fara. Amma takarda ba za ta gaya muku abin da ƙafa za ta gaya muku ba. Ku je shagunan kayan abinci irin su Patel Brothers da India Bazaar ranar Asabar, ku karanta tallace-tallacen da aka manna a bakin ƙofa, ku ga da wane rubutu aka yi su. Ku je filin wasan kurket da sassafe. Ku lura da bambancin masu haya a manyan gidajen bene da waɗanda suka sayi gida: na farko sababbin zuwa ne, buƙatunsu sun fi yawa, amma suna iya tashi cikin shekara ɗaya, na biyu su ne za su riƙe coci.

Sannan ku kai gaisuwa ga kowane fasto Ba'indiye da ke cikin tafiyar minti 30 da mota. Ku gaya masa abin da kuke shirin yi da bakinku kafin ya ji a WhatsApp, domin zai ji. Ku tambaye shi waɗanda bai iya kaiwa gare su ba. Amsarsa sau da yawa ita ce taswirar aikinku.

Ku zauna da gidaje aƙalla 30, kowanne a falonsa. Tambayoyin ba su da yawa: wane harshe kuke addu'a da shi, wane harshe yaranku suke amsa muku da shi, wane coci kuka bari a gida, ina kuke zuwa yanzu, tafiyar minti nawa ce, me ya sa wasu Lahadin ba ku zuwa. Idan cikin gida 30 ba a sami 10 da suka ce za su zo addu'a ba, lokaci bai yi ba.

Cocin yana farawa ne a falo

Kiristocin kudancin Indiya sun saba da taron addu'a na gida-gida, ba sabon abu za ku koya musu ba. Ranar Juma'a da misalin ƙarfe bakwai da rabi na yamma, za ka tarar da takalma sun cika bakin ƙofa, an ture kujerun falo an shimfiɗa tabarma ko bargo, mata a gefe ɗaya wasunsu sun ja gefen mayafi sun rufe kai, wani yana buga jita, wata dattijuwa da ta zo ziyara daga garin Guntur na Andhra Pradesh tana tafi da ƙarfi fiye da kowa. Ana waƙa kusan rabin awa, mutum biyu ko uku su ba da shaida, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi wa mai gida da iyalinsa addu'a da sunayensu, sannan a ci abinci. Abincin ba ƙari ba ne a kan taron. A wurinsa ne ake sanin wanda aka sallama daga aiki da wadda surukarta ba ta da lafiya.

Juma'a ta fi sauran ranaku saboda dalili mai sauƙi. Indiya tana gaban Teksas da awa 10 da rabi a lokacin bazara, 11 da rabi a lokacin sanyi, kuma da yawa daga cikin masu aikin kwamfuta suna da taron waya da abokan aikinsu na can da daddare ko da asuba. Daren Juma'a a Dalas safiyar Asabar ce a Hyderabad, ba wanda zai kira.

A riƙa juya taron daga gida zuwa gida, kada ya lafe a gidan mai kuɗi ɗaya, domin a hankali sai a fara kiransa cocin wane. Idan mutane suka wuce 20 a falo ɗaya, a raba gida biyu. A ci gaba da haka wata shida zuwa shekara. Kada a buɗe sujadar Lahadi ga jama'a sai an sami manya 35 zuwa 40 da suka yi alkawari, cikinsu akwai masu kiɗa, masu koyar da yara aƙalla shida, da mutum takwas da za su yi ɗauke-ɗauken kaya. Cocin da ya buɗe da gida biyar, mutanen gidajen nan biyar ne za su jera kujeru, su yi waƙa, su dafa abinci, su share, kuma kafin shekara ta zagayo sun gaji.

Maganar harshe, wadda ita ce maganar yara

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne cocin baƙi suke rasa 'ya'yansu. Uba da uwa suna son wa'azi da Telugu ko Tamil saboda da shi zuciyarsu take ji. Yaron da aka haifa a Plano yana jin harshen sama-sama, amma da Turanci yake tunani. Yana shekara bakwai ba zai ce komai ba, zai zauna yana wasa da wayar uwarsa. Yana shekara 15 zai fara cewa yana da aikin makaranta. Ranar da ya tafi jami'a a Austin ko College Station, shi ke nan.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko, sujada duka da harshen gida, yara su fita ajinsu na Turanci. Tana tara iyaye da sauri, amma tana rufe ƙofa ga mai wani harshe, kuma matasa ba su da wurin zama a cikinta. Ta biyu, wa'azi da tafinta, jimla bayan jimla. Tana ninka lokaci: wa'azin minti 25 ya koma minti 50, kuma idan tafinta bai ga rubutun wa'azin tun ranar Juma'a ba, zai riƙa tuntuɓe a kan ayoyi. Ta uku, wa'azi da Turanci mai sauƙi, waƙoƙi da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a gauraye da harsunan gida, ana haska kalmomin waƙa da rubutun boko da fassararsu a ƙasa, sannan tarukan Juma'a su kasance da harshen gida zalla. A unguwa irin ta Frisco, inda kusan duk manya da Turanci suke aiki kuma harsunansu daban-daban ne, ta ukun ce muke ganin ta fi daɗewa. Ga kakannin da suka zo ziyara, a sayi na'urar fassara mai abin sawa a kunne guda 10 zuwa 15, mutum ɗaya ya zauna a baya yana fassara musu a hankali.

Kowace aka zaɓa, a rubuta ta, a karanta wa kowa tun ranar farko. Tun ran gini ran zane. Sauya harshen sujada a shekara ta uku yana raba coci gida biyu.

Kuma a ba matasa aiki na gaske tun suna sakandare: karatun nassi, kiɗa, kula da sauti, har da kujera a kwamitin shirye-shirye. Iyayen nan sun damu ƙwarai da karatun 'ya'yansu, don haka ajin shirin jarrabawar shiga jami'a ko taimakon lissafi ranar Asabar yana kawo iyalan da wa'azi bai taɓa kawowa ba.

Takardu

A Teksas ana yi wa coci rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ta hanyar cike fom mai lamba 202 a ofishin sakataren jiha. Kuɗinsa dala 25 ne, ana buƙatar daraktoci aƙalla uku da wakilin da zai riƙa karɓar takardun hukuma. Kada ukun nan su zama fasto da matarsa da surukinsa. Daga nan sai lambar haraji ta EIN daga hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, kyauta ce, kuma sai da ita banki zai buɗe asusu. Doka ta yafe wa coci harajin tarayya ko bai nema ba, ba a kuma tilasta masa cike fom 990 na shekara-shekara. Duk da haka ku nemi takardar shaidar yafiyar haraji da ake kira 501(c)(3) ta fom 1023, wanda kuɗinsa dala 600 ne. Gajeren fom ɗin nan na 1023-EZ ba a yarda coci ya yi amfani da shi ba. Dalilin neman takardar shi ne ranar da za ku so kawo fasto daga Indiya, za a tambaye ku ita. Idan kuna ƙarƙashin wata ɗariƙa da ke da shaidar da ta rufe dukkan cocinta, wannan ta wadatar. Yafiyar harajin jiha kuma ana nemanta da fom AP-209.

Tsarin mulkin coci ya fayyace abubuwa huɗu tun farko: wane ne memba mai ƙuri'a, yadda ake zaɓen dattawa da tsawon wa'adinsu, yadda ake sallamar fasto, da matsayin coci a kan baftisma. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne, domin za ku tara wanda aka yi wa baftisma yana jariri a Cocin Kudancin Indiya da ɗan Baftis wanda bai yarda da ita ba. Ku yanke shawara ko za ku karɓi na farkon a matsayin cikakken memba, kafin ya kai shekara biyu yana ba da zakka sannan a ce masa ba ya da ƙuri'a.

Idan fasto zai karɓi albashi, kuɗin gidan da doka ta yafe masa haraji a kai dole kwamiti ya ƙayyade shi a rubuce kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Biza ce take juya rayuwar membobinku

Wanda bai fahimci wannan ba, bai fahimci jama'arsa ba. Da yawa daga cikin magidantan nan da bizar aiki ta H-1B suke zaune, matansu da 'ya'yansu kuma da H-4. Indiyawa ne suke samun kusan kashi 70 na bizar H-1B, amma doka ta taƙaita wa kowace ƙasa kashi 7 na takardun zama na dindindin, shi ya sa Ba'indiye yake shafe shekaru masu yawa yana jira. Mutum yana da gida da mota biyu, amma ranar da kamfani ya sallame shi, kwana 60 kacal gare shi ya sami wani aikin ko ya sauya matsayi ko ya tattara iyalinsa. Yaron da ya cika shekara 21 kafin takardar iyayensa ta fito yana faɗuwa daga H-4, sai ya koma bizar ɗalibi ko ya bar ƙasar da ya girma a cikinta.

Abin da wannan yake nufi ga coci a bayyane yake. Mai H-1B ba shi da izinin yi wa kowa aikin kuɗi sai kamfanin da ya ɗauko shi. Zai iya yin waƙa, wa'azi ko koyarwa a matsayin sa kai, amma ambulan ɗin godiya da aka miƙa masa, ko ɗan alawus na wata-wata, na iya jefa zamansa cikin haɗari. Haka matar da ke kan H-4 ba tare da takardar izinin aiki ba: kada a biya ta kuɗin renon yara ko na girki. Mai wa'azin da ya zo daga Indiya da bizar ziyara ma, a tambayi lauyan shige da fice kafin a ba shi komai.

Kawo fasto daga Indiya ta bizar R-1 ake yi. Dole ya kasance memban ɗariƙarku shekara biyu kafin a nema, aikin ya kai awa 20 a mako, coci ya shigar da fom I-129 tare da shaidar cewa zai iya biyansa, kuma jami'ai na iya zuwa su duba wurin sujada da idonsu. Ana ba da wata 30 da farko, iyakarta shekara biyar. Layin takardar dindindin ta ma'aikatan addini ya yi tsawo tun 2023, don haka kada a yi wa mutum da iyalinsa alkawarin da ba a hannunku yake ba.

Ku ware asusun taimako tun watan farko, da ƙa'ida a rubuce da mutum uku masu yanke shawara cikin sirri. Ku tara sunayen membobin da za su iya miƙa takardar neman aikin wanda aka sallama a kamfanoninsu. Cikin kwana 60 ɗin nan, wannan jerin ya fi kuɗi amfani. Kuma kada fasto ya zama lauya. Ya san lauyoyi biyu masu gaskiya ya tura mutane wurinsu.

Wurin sujada

Zaɓi uku ne a zahiri: zauren cin abinci na makarantar gwamnati, cocin Amurkawa da rana bayan sun tashi, ko shago a rukunin kasuwanci. Makaranta tana ba da safiyar Lahadi da wurin ajiye mota, amma ana biyan zaure da azuzuwa da mai gadin gini kowanne daban, kuma yawanci sai an nuna inshorar dala miliyan ɗaya. Komai da kuka shigo da shi sai kun fita da shi: tirela ɗaya, awa ɗaya da rabi na jerawa, minti 45 na kwashewa. Cocin Amurkawa ya fi arha kuma yana da kicin da wurin baftisma, sai dai za a ba ku ƙarfe biyu ko huɗu na yamma. A rubuta yarjejeniya a kan kicin, shara da lokacin rufe ƙofa, domin mafi yawan saɓani da masu gini daga ƙamshin girki da wuce lokaci yake tasowa, ba daga tauhidi ba. Shago kuwa kada a sa hannu a hayarsa sai hukumar gari ta tabbatar an yarda a yi taro a wurin. Ɗakin da zai ɗauki mutum 50 ko fiye yana shiga wani rukuni na dokar gini, da ƙa'idojin ƙofofin fita da banɗaki da kashe gobara, kuma gyaran na iya cinye kuɗin shekara.

Haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigowa, kuma a ajiye kuɗin wata uku zuwa shida a gefe. A jera kujeru ƙasa da waɗanda ake tsammani, a ƙara idan an cika. Lasisin CCLI, wato kamfanin da ke ba coci izinin amfani da waƙoƙin wasu, yana rufe haska yawancin waƙoƙin Turanci, amma da yawa daga waƙoƙin Telugu da Tamil ba sa cikinsa, sai a nemi izinin masu su, musamman idan ana watsa sujada a YouTube.

Wurin yara yana da doka ɗaya da ba ta da sassauci: manya biyu a kowane aji, an binciki tarihin kowannensu, ba a rufe ƙofa. Yara suna kiran kowane babba "uncle" ko "aunty", kowa ya zama kamar ɗan gida, kuma wannan sabo ne yake sa a yi sakaci. A Teksas duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro dole ya kai rahoto ga hukuma, fasto ma bai tsira ba. Ba maganar da dattawa za su kashe a cikin gida ba ce.

Abinci kuma: a lissafa kilo ɗaya na shinkafa ga mutum takwas zuwa goma, a raba gidaje rukuni huɗu kowanne da Lahadinsa, a ware tebur na marasa cin nama da cokulansa daban, a rubuta abin da ke cikin kowane kwano. Kiristocin Kerala suna cin naman shanu, amma a teburin da ake gayyatar maƙwabta mabiya Hindu a bar shi a gida.

Maƙwabcin da ba Kirista ba

Haikalin Karya Siddhi Hanuman da aka buɗe a Frisco a 2015 yana cika maƙil a ranakun biki, kuma mutanen da ke zuwa can su ne abokan aikin membobinku. Ba sa ƙin addu'a. Da yawa za su yi murna a yi wa yaronsu marar lafiya addu'a da sunan Yesu. Abin da ke korarsu shi ne zagin allolinsu daga bagade, da gayyatar da aka ɓoye manufarta. Idan taron Kirsimeti ne da wa'azi a ciki, a faɗa a katin gayyata. Hidimar da ta fi buɗe ƙofa ita ce mai sauƙi: ɗauko sabon zuwa daga filin jirgi, koya wa matar da ke zaune a gida tuƙi, shayin safe na ranar Laraba domin iyayen da suka zo ziyarar wata shida suna kaɗaici a gidan da kowa ya tafi aiki. Idan ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya rasu, iyalin suna buƙatar wanda ya san hanyar takardun ƙaramin ofishin jakadancin Indiya da na mayar da gawa gida, kuma ba sa mantawa da wanda ya tsaya musu a ranar.

Wanda ya ba da gaskiya daga gidan Hindu kada a gaggauta masa baftisma, kada a matsa masa ya sauya suna, kada kuma a sa hotonsa a Facebook. Jihohi da dama a Indiya suna da dokokin hana sauya addini, hoto ɗaya kuma yana isa ƙauyensu cikin awa guda ya jawo wa iyayensa abin da bai shirya ba. Shi zai zaɓi ranar da zai gaya musu.

Kuɗi, asali, da rabuwa

Mutum biyu da ba dangi ba su ƙirga baiko, su sa hannu, a kai banki cikin kwana biyu. Fasto kada ya riƙe asusu. A ba da rahoton kuɗi duk wata uku a rubuce. Membobin nan da lissafi suke cin abinci, kuma shiru a kan kuɗi zargi yake haifarwa. Duk kyautar da ta kai dala 250 sai coci ya ba da takardar shaida kafin mai ita ya iya cire ta daga harajinsa.

Za a zo muku da roƙon a tura kuɗi ga gidan marayu ko cocin ƙauyen wani. Dokar Indiya ta FCRA, bayan gyaran 2020, ta ce ƙungiyar da ke da rajista kaɗai za ta karɓi kuɗin waje, ta asusun da ke babban reshen State Bank of India a New Delhi, kuma ba za ta miƙa wa wata ƙungiya ba. Tura kuɗin coci ta asusun ɗan'uwan memba yana jefa mai karɓa cikin matsala. A nemi shaidar rajistar kafin a tura ko dala ɗaya, kuma kwamiti ne zai zaɓi inda kuɗin zai je, ba mai bayarwa ba.

Sai maganar da ba a son faɗa, wato jati, bambancin asali da ake gada ta haihuwa. Ba ta tsaya a ƙofar coci ba. Da yawa daga Kiristocin Telugu da Tamil daga al'ummar Dalit suka fito, wadda tsarin jati ya ajiye a ƙasan kowa, wasu sababbin masu bi kuma daga gidajen da ake ɗauka manya. Ba wanda zai ambaci kalmar, amma za a tambayi sunan iyali da sunan ƙauye, kuma za ka gan ta a wanda ake gayyata gida, wanda ake zaɓa dattijo, da wanda aka hana auren 'yar wani. Fasto ya yi wa'azi a kanta kai tsaye daga Yaƙub 2 da Galatiyawa 3 tun cocin yana ƙarami, ya duba jerin shugabanni ko duk daga gari ɗaya ko dangi ɗaya suke, ya kuma haɗa rukunan addu'a bisa unguwa, ba bisa wanda ya san wane ba. Wa'adin shekara uku ga dattawa, da hutun shekara ɗaya bayan wa'adi biyu, yana hana kujera zama gadon gida.

Ranar buɗewa kada ta faɗa a Yuni ko Yuli, lokacin da iyalai da yawa suke tafiya Indiya hutun makaranta. Makarantun yankin suna komawa a watan Agusta, don haka Lahadi ta biyu ko ta uku ta Satumba ta fi dacewa, bayan an yi gwajin sujada sau uku a wurin da za a yi ta, da yara da abinci da komai. Wannan yana ba da wata uku a daidaita kafin Disamba, lokacin da ƙungiyar mawaƙa take zaga gidaje da waƙoƙin Kirsimeti har tsakar dare, da sujadar daren 31 ga wata wadda ko mai zuwa coci sau ɗaya a shekara ba ya bari ta wuce shi. A tanadi zauren wannan daren tun watan Oktoba, domin makarantu a rufe suke a makon, kuma cocin da kuke haya a wurinsa yana iya buƙatar ɗakinsa.